Iyayen sojan ruwa: yaya kuka yi da shirun watannin farko?

Uwar ɗan fari, Gwammaja

Assalamu alaikum iyaye. Yau kwana 23 ke nan da yaron nan ya tafi Onne horon sojan ruwa. Tun saƙon da ya turo wa ƙanwarsa daren da suka sauka, cewa sun isa lafiya kuma za a karɓe wayoyi, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na kira layin ya fi a ƙirga, kullum a kashe.

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa. Ranar da za a kai shi tashar New Road a Sabon Gari ban raka su ba, babansa da ƙannensa ne suka je, ni ina tsakar gida ina tankaɗe kamar ba a gidanmu ake yi ba. Sai da gida ya yi tsit na leƙa ɗakin samarin, na ga silifas ɗinsa a bakin ƙofa, ɗaya a kife. Nan kara ta ƙare.

Abin da ke ƙara tsaya mini a rai, ni ce na raba shi da ruwa tun yana ƙarami. Yana aji huɗu a firamare aka zo aka ce an gan shi a kududdufi da yaran unguwa, na yi masa zanewar da sai da kakarsa ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Yau ga shi an ce teku ce wurin aikinsa. Ni kuwa iyakar babban ruwan da na taɓa gani Tiga ne, shi ma daga cikin mota.

Babansa ya ce in yi haƙuri, namiji ne. Maƙwabta kuma kowacce da labarin da za ta kawo mini, babu mai daɗi ko ɗaya. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, yaya kuka yi? Yaushe naku ya fara kira? Me ake kai musu, me ba a kaiwa?

Hajiya ta Fagge

Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki, shirun nan duk mun sha shi. Nawa bana shekararsa 7 a ciki, kuma lokacin da yake Onne sai da na yi sati biyar cur kafin in ji muryarsa, shi ma a wayar wani, bai fi minti biyu ba. Wata shida suka yi. Da na zaci daga zuwa ake ɗibarsu a zuba a teku. Ashe makaranta ce a kan tudu, kusa da Fatakwal: gudu, fareti, zaman aji, da koyon iyo da malamai tsaye a kansu. Nawa ma da ya tafi bai iya iyo ba. Ɗan Fagge ina ya ga ruwa in ba na kwata ba?

Dabarar da ta fisshe ni ita ce na daina ƙirga kwana, na koma ƙirga Juma'a. Kwana 180 dutse ne a ƙirji, Juma'a 26 kuwa mutum zai iya ɗauka. Kowace Juma'a in soya ƙosai in ba almajirai, in ja layi a jikin kalanda. Kan in farga layukan sun fi rabi.

Ki kuma riƙe wannan: lambar babansa tana cikin takardun da ya cike. Da wani abu ya faru, da tuni an neme ku. Shirun nan alamar lafiya ce.

In an yaye su za a rarraba su. Manyan shiyyoyinsu uku ne, ta yamma a Apapa ta Legas, ta gabas a Kalaba, ta tsakiya a Yenagoa ta jihar Bayelsa, kuma kowacce da sansanoninta. Nawa Apapa aka fara kai shi. Na je sau ɗaya, ya kai ni bakin teku da la'asar. Wallahi can nesa na tsaya na ƙanƙame mayafina, ruwan na tasowa kamar katanga yana rushewa, shi kuwa sai dariya yake, wai Hajiya ai yau a kwance yake. Ban sake cewa a kai ni ba.

Mai ɗinki, Kurna

Yaya, kafin komai ki ji abin da ya same ni don kada a yi miki. Bayan sati uku, daidai inda kike yanzu, wani ya kira ni da daddare da Hausa tas. Ya kama sunan yarona, ya faɗi unguwarmu, ya ce shi malaminsu ne. Wai yaron ya yanke jiki ya faɗi a wurin gudu, yana asibiti, ana neman kuɗin allura kafin asuba, kuma kada in gaya wa babansa don kar hankalinsa ya tashi. Ko mayafin kirki ban yafa ba na fita wurin mai POS, na tura kuɗin adashin da na ɗauka zan sayi keken ɗinki na biyu. Da asuba layin ya mutu. Bayan kwana 12 yaron ya kira, lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai yi ba.

Daga baya na gane inda mutumin ya samo mu. Ranar da sunan ya fito, ƙanensa don murna ya ɗora hoton takardar a Facebook, da suna da lambar waya da komai, 'yan uwa suna ta sa albarka a ƙasa har da masu ambaton unguwa. Ɓarawo me zai nema kuma?

Duk wanda ya kira ya ce ki ɓoye wa maigida, ki kashe wayar ki tashi maigidan. Tun a wurin neman aikin ma haka suke yawo. Fom ɗin nan kyauta ake cikewa a intanet, iyaka ki ba mai shagon kwamfuta ladansa. Mai cewa yana da hanya a kawo kaza, shi da wanda ya kira ni uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Har yau babansu bai san adadin kuɗin ba. Rabi na faɗa masa.

Maman 'yan biyu, Ɗorayi

Ni dai abu ɗaya zan ce: ki je a gwada jininki. Na yi wata guda ina cewa ciwon kan rashin barci ne, ina shan Panadol, ashe hawan jini ne ya samu ƙofa. Yaro ya dawo garau da ƙatuwar kafaɗa, ni aka bari da ƙwayoyi safe da dare. Ki ci abinci ko ba kya jin daɗinsa, Yaya.

Uwar soja mace, Tarauni

Ku da naku maza ne ku gode wa Allah, shiru kawai kuke fama da shi. Ni tawa mace ce, na haɗa shiru da bakin mutane.

Ta gama sakandare da kiredit ɗinta, ta yi shekara biyu tana neman makarantar jinya ba ta samu ba. Ita ta cike fom ɗin ba mu sani ba, sai da aka zo kan takardar amincewar iyaye ta kawo ta ajiye wa babanta a kan dadduma. Kwana huɗu takardar na nan, yana ɗauke ta ya yi salla ya mayar. Abin da ya karya shi, yayarsa ce ta zo daga Gezawa ta ce masa: kai da ba ka iya biya mata makarantar kuɗi ba, kuma ba ka kawo mata miji ba, zaman me kake so ta yi? Ya sa hannu, bai ce uffan ba.

Doguwa ce, a wurin awon tsayi ba ta sha wahala ba, ƙawarta kuwa da suka je tare a nan aka sallame ta. Amma ranar da hotonta ya fara zuwa da wando da gajeriyar hula, sai da na yi sati ban je gidan biki ba. Wata a dangi har gida ta biyo ni tana tambaya, wai yanzu wa zai kwashi wannan? Na ce mata wanda Allah ya rubuta. Yanzu a asibitinsu take aiki, jinyar da ta nema a Kano ba ta samu ba ita aka koya mata a can. In ta zo hutu da hijabinta har ƙasa take shigowa layinmu. Mai tambayar nan kuwa bara ta aiko a tambayar mata yaushe za a sake buɗe fom, tana da yaro.

Maganar aure tana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Manema biyu sun zo, da suka ji ba za ta ajiye aiki ba suka zame. Wannan kam yana hana ni barci wani lokaci.

Inna, Yakasai

'Ya'yana, ni ba zan yi muku daɗin baki ba. Ban so ba, kuma har gobe ban so ba. Babansa ne ya sa hannu, ni aka gaya mini bayan an gama. Muna da rumfa a Kantin Kwari, ba yunwa ce ta kore shi ba, farin kaya ya gani a talabijin.

Farin kayan nan na ranar fareti ne. Nawa a Warri yake, aikinsu shiga rafuffukan Neja Delta cikin ƙananan jirage masu bindiga, suna bin masu fasa bututu da masu dafa ɗanyen mai a daji. A 2022 da aka ƙaddamar da farmakin da suka raɗa wa suna da Hausa, Dakatar da Ɓarawo, jikokina suna ta dariyar sunan, ni kuwa cikina ne ya ɗuri ruwa, don na san ɓarawon da ake nufi ba mai tsallaka katanga ba ne, shi ma da bindigarsa. Yakan yi sati biyu, uku, a cikin ruwa babu sabis. Ya dawo hutu da ƙafa duk ta yi fari ta tsattsage saboda zama cikin jiƙaƙƙen takalmi, ga zazzaɓin sauro da ba ya rabuwa da shi.

Don haka masu cewa in an gama horo hankali zai kwanta, ni nawa bai kwanta ba. Sabawa kawai na yi. Albarka dai ina sa masa kullum, don uwa ba ta hana ɗa albarka saboda ya bi hanyar da ba ta zaɓa ba. Amma duk zuwan da zai yi sai na nuna masa mukullin rumfar nan.

Hajiya ta Fagge

Inna, Allah ya ƙara girma, gaskiya kika faɗa. Amma yarinyar nan kwananta 23, a bar ta ta haɗiye wannan lomar tukuna.

Inna, Yakasai

Ni ma da an gaya mini tun ina kwana 23 da na fi gode wa mai faɗar. To na yi shiru.

Matar mai kifi, Brigade

Ni nawa labarin da ban dariya da ban kuka. Duk addu'ata a lokacin horo ita ce Allah ya raba shi da teku, ya dawo mini da shi Arewa. Allah ya amsa. Aka tura shi Baga.

Ban taɓa sanin sojan ruwa na da sansani a Tafkin Chadi ba sai ranar. Maigidan ya yi shekaru yana saro bandar kifi daga Baga kafin rikici ya tare hanya, ya san garin lungu-lungu, shi ya sa da aka faɗa masa ya ajiye cokali. Yaron ya yi kusan shekara biyu a can. A wannan zaman na daina sauraren labaran rediyo na safe gaba ɗaya, don da an ce "a jihar Borno" sai gwiwata ta sage, ko da maganar taki ake yi. Na ɗora wa ƙanensa aikin: ya saurara, in babu abin da ya shafe mu ya ce mini "Umma, a dama koko." Kalmar da muka yi ke nan. Shekara biyu ina jiran a ce in dama koko.

Yanzu yana Kalaba. Ya ce akwai unguwar Hausawa a can, Bogobiri, yana zuwa ya yi Juma'a ya ci tsire ya ji ana Hausa. Tun daga lokacin na daina zaɓa wa Allah wuri, sai dai in ce ya tsare shi inda yake.

Malamar Islamiyya, Rijiyar Zaki

'Yar uwa, ki buɗe farkon Suratul Ƙasas ki karanta labarin mahaifiyar Annabi Musa, alaihis salam. Uwa ce aka ce ta saka jaririnta a ruwa da hannunta, aka ce kada ta ji tsoro kada ta yi baƙin ciki, za a dawo mata da shi. Duk da wannan alkawari, Alƙur'ani ya ce ta wayi gari zuciyarta wayam, har ta kusa tona asirin, ba don Allah ya ɗaure mata zuciya ba. Saboda haka kukan da kike yi ba raunin imani ba ne, kada wani ya gaya miki haka. Ki lura kuma ba ta zauna kawai ba, ta aiki yayarsa ta bi sawunsa.

Ni ɗan ƙanwata ne, amma a hannuna ya tashi tun yana shekara uku. Da zai tafi na rubuta masa addu'ar da Annabi Nuhu ya yi wajen shiga jirgi, "Bismillahi majreha wa mursaha," da ta Annabi Yunusa a cikin kifi. Ya ce har abokansa da ba Musulmi ba sun san in za a tashi sai ya motsa baki.

Mu huɗu ne a unguwarmu masu yara a ciki. Duk Alhamis bayan la'asar muna haɗuwa gidan ɗaya, mu yi karatu kaɗan, sauran duk hira ce. Wadda ɗanta ya kira a satin ita ke kawo lemo.

Hajiya, Nasarawa

Nawa ta NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ya shiga a Kaduna, shekara biyar, don haka shirunmu ya bambanta, amma in jirgi ya bar gaɓa hafsa da kurtu duk ɗaya ne, babu mai sabis. A 2022 da jirgin NNS Kada ya yi tafiya Guinea-Bissau, ɗan ƙawata yana ciki, a gidana ta riƙa kwana. Muka sa jikata ta buɗe mana taswira a waya, muna bin gaɓar teku da yatsa, Kwatano, Lome, Akara, kamar mu ne matuƙan.

Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, da sun yi aure lissafi ya canza. Matan hafsoshi suna da ƙungiyarsu, NOWA, matan ƙananan sojoji ma suna da tasu, suna barikin tare, labari yana fara isa wurinsu. Uwa tana Kano ba ta da kowa sai waya. Don haka ki riƙe surukarki da kyau in lokacin ya zo. Ni yanzu daga bakin tawa nake jin ya tafi, ya dawo, ya yi mura.

Na biyu, za ki ji ana cewa ai akwai sojan ruwa a Dawakin Tofa, a nema masa a dawo da shi gida. Gaskiya ne akwai, tun zamanin da Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, yake shugabancin rundunar daga 2021 zuwa 2023 aka kawo, lokacin har ana ta gardama a jaridu wai ina teku a Kano. Amma kwaleji ce ta koyar da harkar kayan aiki da guzuri, ba wurin da kowace uwa za ta ce a ajiye mata ɗa ba. Kada ki sa rai, kuma kada ki ba kowa ko sisi a kan zai yi miki hanya.

Mai abincin sayarwa, Sabon Gari

Anti, kan maganar me ake kaiwa. Lokacin horo kada ki wahalar da kanki, ni na aika ƙunshi guda bai taɓa isa hannunsa ba. Ki bari sai an yaye su an san inda yake zaune.

Daga nan kuma ga abin da ke isa lafiya: kilishi, dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin ɗanwake, garin kunu da tsamiya. Amma ki sani can ba Kano ba ce, iskarsu jiƙe take. Abin da zai yi wata uku a ɗakinki, can sati biyu ya yi funfuna. A roba mai murfi ake zubawa, ba a leda ba, kuma kaɗan-kaɗan. Daddawa ki ninka mata leda uku kafin robar, in ba haka ba direba zai sauke miki ita tun a Zariya. Man shanu kuwa na daina, sau biyu yana tsiyayewa a kan kayan mutane ina biyan wanki.

Ina nan kusa da tasha, na san direbobin da ke da amana. Wadda za ta aika ta yi mini magana, mu haɗa a kwali ɗaya kuɗin ya yi sauƙi.

Uwar ɗan fari, Gwammaja

Iyaye, na gode, Allah ya bar zumunci. Inna, ban ji haushi ba, na karanta naki sau biyu. Jinin ma na je an gwada, ya ɗan hau, an ba ni magani.

Jiya bayan isha wata baƙuwar lamba ta kira. Na tuna maganar mai ɗinki, na miƙa wa babansa. Ya saurara, ya ce "to, to, madalla," sai ya miƙo mini. Shi ne. Muryar ta dishe kamar ba tasa ba. Ya gaishe ni, na ce lafiya lau, ya ce an yi masa ƙwal-kwabo, ya ce teba yake ci safe da dare, ya ce ya fara iya iyo. Ni duk tambayoyin da na tara kwana 31 ba wadda ta fito, ga babansa a zaune, ga ƙannensa sun zuba mini ido. Abin da na iya cewa kawai, kana salla dai ko? Ya ce yana yi. Aka ce masa lokaci ya yi.

Yau na sayo kalanda. Hajiya ta Fagge, ranar yaye su iyaye nawa ake bari su shiga, kuma a ina kuka kwana da kuka je? Babansa ya ce shi kaɗai zai tafi, wai hanyar Lokoja ba ta mata ba ce, kwana ake yi a mota. Ban ce masa komai ba tukuna, amma na fara zubin adashi. In akwai wadda ɗanta ke wannan rukunin, ta yi mini magana mu kama kujera kusa da juna.